Mota Mai Ƙofa Biyu Da Zargin Da Na Ɗora Wa Aminina

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da biyar, ina sana'ar ɗinkin manyan riguna da na gada a gidanmu da ke Kwarbai, cikin birnin Zariya. Mutane na yi mini kallon mai wayo, ni ma haka nake kallon kaina. In aka kawo mini shadda, da yatsa biyu nake gane ta ƙwarai da ta jabu, kuma ban cika yarda da kowa ba. In ka yaba mini kaya, sai na tambayi kaina me za ka samu a ciki. A shekarar kasuwa ta buɗe mini, 'yan siyasa suka yi ta kawo ɗinki, na riƙe abin da ban taɓa riƙewa ba. Sai wani tsohon buri ya taso mini, na mallakar irin motar nan ta ƙawa mai ƙofa biyu, wadda cikinta ke kusa da ƙasa, in ta wuce ka ji rurinta har a ƙirji.

Bayan dogon nema, zaɓina ya tsaya a kan guda biyu. Ta farko tana wajen wani mai sayar da motoci a Kaduna, fara, lafiyayya, amma injinta ƙarami ne, kuma mutumin ya kafe a kan farashinsa kamar ba ya son sayarwa. Ta biyu baƙa ce, wani dillali da muke zaman majalisa ɗaya a Ƙofar Kibo ya kawo mini labarinta. Ta fi waccan sabunta, ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma kuɗinta bai kai kashi biyu cikin uku na waccan ba. Ya ce ta ɗan wani babban mutum ce da zai tafi karatu waje, yana gaggawa. Ranar da na gwada ta a hanyar Kano, ina taka totur na ji bayana ya manne da kujera. Kafin in juyo, zuciyata ta riga ta saye ta.

Duk da haka arahar ba ta kwanta mini ba. Na sa aka duba takardunta sau biyu, na gwada lambar jikinta da ta takarda, komai daidai. Daga nan na ɗauko aminina. Bakanike ne, yana da gareji a wajen Kongo, tare muka yi makarantar allo, kuma shi ya raka ni Kaduna ganin farar motar. Bai ko fara da buɗe inji ba. Ya zauna a ciki ya rufe ƙofa, ya daɗe yana shinshina, ya tambayi dillalin dalilin zuba turare haka a mota. Sannan ya ɗaga kafet ya kankaro wani lallausan yashi da makullinsa, ya nuna mini tsatsa a ƙusoshin da ke riƙe kujera, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, sai ga wani layi ruwan ƙasa a jikinsa. Ya ja ni gefe ya ce, “Motar nan ta kwana cikin ruwa a can inda ta fito. Inji zai yi maka gudu, amma wayoyinta suna ruɓewa a hankali. Ko dai ka ƙara kuɗi ka ɗauki ta Kaduna, ko ka haƙura da duka biyun.”

Washegari dillalin ya same ni a shago. Bai musa komai ba, sai ma ya yi dariya ya ce kowace tokumbo, wato motar hannu daga waje, tana da yashi da tsatsa, ta teku ake kawo su. Sannan ya rage murya ya tambaye ni ko na san nawa masu sayar da motoci ke ba bakanike in ya kawo musu ciniki. Ya tashi ya tafi. Ni na ƙarasa sauran da kaina. Na tuna a Kaduna na ga aminina yana karɓar lambar wayar mutumin. Na tuna yadda ya yi ta yabon farar motar a hanyarmu ta dawowa. Na tuna yana ginin da ya tsaya a linta. Kwana biyu ina haɗa waɗannan abubuwa har suka zama hujja a wurina. Na je garejinsa, a gaban wasu mutane da suka kawo gyara, na tambaye shi nawa aka yi masa alkawari. Ya ajiye sifana, ya dube ni, ya ce, “Ni kake tambaya haka?” Na ce shi ɗin. Ya ce to Allah ya sa alheri, ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa.

Na sayi baƙar motar. Ba ta iya shiga lungunmu saboda kwata, sai a gidan wani maƙwabci nake ajiye ta, amma ban damu ba, don duk inda na tsaya sai an kewaye ta. A wata na biyu gilashin gefe ya fara sauka da kansa. Wata rana rediyo ta kunna kanta, wata rana fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya suka mutu. Matata ta ce in kai wa aminina, na ce mata ba ta san mutane ba. Na kai wa wani daban, ya jona na'ura ya goge alamar matsalar da motar ke nunawa, ya ce ba komai.

Wata Asabar da hantsi muka kama hanyar Kaduna zuwa suna, matata a gaba, 'yarmu mai shekara shida a baya. Ba mu yi nisa ba matata ta ce tana jin ƙaurin roba. Kafin in amsa motar ta mutu tana cikin gudu, sitiyari ya yi nauyi, birki ya zama kamar dutse. Da ƙyar na gangara gefen titi. Hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, na ja ƙofa ta ƙi buɗewa, gilashi ya ƙi sauka. Wasu masu sayar da rake a bakin hanya suka fasa gilashin da dutse suka ciro mu. Amma yarinyar tana baya, ba ƙofa a wajenta, kujerar da za a ture a kai gare ta kuma da lantarki take motsi. Na koma ta taga har ƙugu, ina lalube cikin hayaƙi ina jin tarinta, har na kamo hannunta na jawo ta ta saman kujera. Gilashi ya yanke ta daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Muna tsaye motar ta cinye.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a asibiti ma tunanin farko da ya zo mini shi ne ko aminina ya taɓa wani abu a motar ranar da ya duba ta. Ina cikin wannan tunani ya shigo, da kayan aiki a jikinsa. An ce yarinyar tana bukatar jini, ya miƙa hannu aka ɗiba. Daga baya na ji cewa babu wani ɗan babban mutum, dillalin da abokinsa ne suka sayo motar a gwanjo suna sane da halinta. Lambar da aminina ya karɓa a Kaduna kuwa, don ya roƙi mutumin ya rage mini farashi ne.

Na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Sai dai ya daina kirana da sunana, yanzu Alhaji yake ce mini, kamar kowa. 'Yata ta warke, amma ba ta yarda ta zauna a bayan mota, kuma riga mai dogon hannu kaɗai take sawa. Abin da na koya shi ne, zargin da nake taƙama da shi bai kare ni ba, domin na ɗora shi a kan wanda ya faɗa mini abin da ba na son ji, na ɗauke shi daga kan wanda ya faɗa mini abin da nake so. Duk mai shirin sayen mota irin wannan, in ya ga ƙarfi ya yi yawa kuɗi ya yi kaɗan, ya tsaya ya nemi dalili. In kuma yana da mutum ɗaya da zai iya duban idonsa ya ce masa kada ya saya, ya riƙe shi da kyau, don ni na sake samun mota, amma har yau ban sake samun irinsa ba.