Ammi Yusuf da Dutsen Ƙanƙara

Ina bakin tanda ina fitar da gurasar hantsi, maƙwabcinmu ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ya Garba, Ammi Yusuf ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ammi, wato baffa, kowa ke ce masa. Surukina ne, mahaifin matata Zainab, kuma shi ya koya mini wannan sana'a a nan unguwar Tandabawi, a ƙasa mai tsarki.

Mutumin Bukhara ne, can ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara. A bakin 'yan unguwa ya tsinci Hausarsa, karyayya, amma ko a jikinsa. Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, nakan tsokane shi in ce, wai ƙanƙarar da muke jefawa a randa ce yake tsoro haka? Sai ya yi murmushi, ya ɗora ɓawon gurasa a kan garin fulawa, ya karkata faranti, ɓawon ya sulale. "Haka dutse yake a ƙarshen hunturu, ya waladi, ɗana. Sama tauri, ƙasa gari. In ka taka ka ji dum, koma baya."

Sai bayan na auri 'yarsa ya gaya mini sauran. Da suka gudo daga ƙasarsu, sun iso wani gangare rana ta riga ta yi zafi. A al'adar mutanen dutse ba a tsallake irin wurin nan tare, sai ɗaya bayan ɗaya, don kada a rasa kowa da kowa. Shi ya fara wucewa da Zainab a goye. Matarsa Maryam na tsakiya ƙanƙarar ta zaftaro. Ya yi ta tono da hannu har yatsunsa biyu suka mutu, bai same ta ba. Ba wanka, ba likkafani.

Shi ya sa duk ƙarshen hunturu yakan rufe tanda ya yi mata umra. Bana ƙafa ta ƙi. Na tarar da shi yana hawaye, ya ce, "Ba ta da kabari, Garba. In na tafi, wa zai tuna da ita?" Wallahi ina ƙaunar tsohon nan.

Mun kai shi maƙabartar Ma'ala. Ranar da aka tashi daga zaman makoki, Zainab ta miƙo mini haramina ta ce, "Tashi mu tafi Tan'im mu ɗauko niyyar umra. Ni zan yi wa Ummi, kai ka yi wa Abuya."

Allah ka jiƙan bawanka Yusuf, ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba Zainab da yaranta haƙurin rashi. Maryam kuwa, kai ka san inda take kwance. Ka sada su a Aljanna. Amin.