Rariyar Gidan Uwaliya

A Gude, zamanin mulkin Turawa, an yi wani magini ana ce masa Datti. Ba shi ya fi kowa iya ɗora tubali ba, shi da kansa yakan faɗi haka. Abin da aka san shi da shi daban ne. Idan bazara ta yi nisa, rijiyoyi sun ja baya, sai ka ga Datti da tulu a kafaɗa yana bin gidajen da ya gina. Ya yi sallama, ya ce a gaya wa matan maƙwabta za a hau sama, ya kafa tsani, ya tuttule ruwan nan a tsakiyar rufin soro, ya tsuguna yana kallo.

So yake ya ga inda ruwan zai bi. In ya miƙe ya faɗa indararo, madalla. In ya kwanta a wani wuri, sai ya zagaye wurin da tsinke, gobe ya dawo da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya cike. Ya zura sanda cikin indararo ya fito da sheƙar tsuntsu. Sannan ya sauko ya bi tsakar gida har rariya, kafar nan da ake bari a gindin katanga don ruwa ya fice waje. Mutane suka sa masa suna Mai Shayar da Soro. Ba ya jin haushi. Damina dai takan zo ta wuce, gidajen da ya zagaya suna tsaye.

A shekarar da aka ɗebi samari zuwa yaƙin Bama, har da Sajo, ɗan marigayi wansa. Aka bar uwar Sajo, Uwaliya, ita kaɗai a gida mai ɗaki biyu. Danginta na Durun suka ce ta koma wurinsu, ta ce ba inda za ta, a nan Sajo ya bar ta, a nan zai same ta. Suka ce to, amma ranar da ɗakin nan ya faɗi, da jaki za su zo su ɗauke ta.

Da Datti ya zo zagayensa, ya tarar rufi lafiya lau. Ya sauko ya nufi rariya, sai ya ga babu ita. An cusa dutse, an shafe da laka sumul.

"Yaya, wa ya yi wannan aikin?"

"Magini ya yi," in ji Uwaliya, tana tankaɗe ba ta ɗago ba. "Ka ɗauka kai kaɗai ka iya kwaɓa ƙasa?"

"Aikin ya yi kyau. Sai dai ruwan ta ina zai fita?"

"Ta inda kububuwa ta shigo ran Talata? Na same ta a gindin randa, ta naɗe kamar gammo. Ruwa ya nemi wata hanyar."

Datti ya bi tsakar gidan da kallo. Shi ya gina gidan tare da wansa, ya san gangaren tsakar gidan kamar tafin hannunsa. Ruwan soro biyu nan yake taruwa, in bai sami kafa ba, gindin ɗakin Uwaliya zai kwanta ya yi ta ci. Ruwa uku masu ƙarfi sun isa. Ya gaya mata haka a hankali.

Ta ce, "Ƙanin miji, kai a gidanka Zubaidatu ce ke taka ƙasa da asuba, kai kana kan gado. Ni in maciji ya sare ni, wa zai ji kukana? Kar ka taɓa mini dutsen nan."

Bai taɓa ba. Ya san in ya fasa yau, kafin ya kai gida ta sake liƙewa. Kuma ba ya ganin wauta a tsoronta, gaskiya ce ta faɗa. Kwana huɗu yana juya zancen a ransa, gabas kuwa ta fara haɗa hadari da yamma tana warwarewa. A rana ta biyar yana zaune Zubaidatu na turara dambu, ya ƙura wa madambaci ido, tukunyar nan mai huji-huji a gindi. Tururi na wucewa, tsaki ba ya zuba.

Ya koma wurin Uwaliya ya ce ta ba shi tsohon madambacinta da bakinsa ya ɓare.

"Yanzu kuma girki za ka koma?"

"I, katanga zan yi wa dambu."

Ta yi dariya ta miƙo masa. Ya fasa shi a hankali ya cire gindin, ya ciro dutsen, ya kafa gindin madambacin a bakin rariya ya ɗaure shi da ƙasa. Ya sa ta ta zura ɗan yatsa, ko ƙaramin bai shige ba. Ya zuba ruwan tulunsa, suka tsaya suna kallo yana tsiyayewa waje.

"Amma yana da sharaɗi," in ji shi. "Huji ƙanana ne, ƙaiƙayi kaɗan ya isa ya toshe su. Duk ranar da kika ga hadari, ki share tsakar gida, ki bi su da tsinke ɗaya-ɗaya. Wannan ba aikina ba ne, naki ne."

"Ka ƙara mini aiki ke nan."

"Na ƙara."

Ruwan farko ya sauko wata Laraba bayan la'asar, da iska mai ƙarfi. Datti na gona a hanyar Kabo. Ya tuna iskar nan za ta kwaso karmami ta zuba a tsakar gida ko an share, ya ajiye fartanya ya taho cikin ruwan. Da ya shiga gidan ya tarar ruwa ya kai idon sawu. Uwaliya na durƙushe a bakin rariya, ta kifa faifai a ka, tana kwashe ganye da hannu tana soka tsinke. Yana tsaye ya ji ƙarar ruwan ta sauya, ya fara ja.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ka makara, magini."

Ya je ya dafa gindin ɗakin. Ya jiƙe, amma bai yi taushi ba. Ya ce gobe zai zo ya ƙara masa yaɓe.

Damina uku ta yi tana wannan aikin, tsinkenta na soke a jikin katanga, ba mai taɓa shi. Mutanen Durun ba su zo da jakinsu ba. Da Sajo ya dawo, a ƙofar ɗakin nan ya same ta tana tsince wake.

Datti ya ci gaba da zagayensa har ƙafa ta hana shi hawa tsani. Daga nan sai ya riƙa tsayawa a ƙasa, mai gida ya hau da tulu ya zuba, shi kuma yana tambaya daga gindin soro, "Ina ya bi?"