Abin da Baba Ya Ji a Cikin Taya

Jiya sitiyari ya yi rawa a hannuna, sai na tuna Baba mai faci na Gwammaja. Shekarar da soja suka miƙa mulki, maigidana ɗan takara ya aike ni wurinsa da a-kori-kurarsa da aka ƙara wa tsayi, manyan tayoyinta na girgiza.

Baba ba ya yarda da taya sai ya saurare ta. Ya juya ta, ya kara kunne, roba na warin zafi.

"Malam, nauyin nan ba na roba ba ne."

Da ya ɓalle ta, sai ga katunan zaɓe ƙulli-ƙulli. Ya dube ni ya ce, "Idan da gaske ba ka sani ba, mayar masa da makullinsa yau."

Na mayar, na bar aikin. Allah Ya haskaka kabarin Baba.