Na'am ɗin Haboba

Shekarata ta biyu ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a bayan Madani lokacin da aka kawo ta daga wani ƙauyenmu na wajen Dinder. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, kunnenta ya yi nauyi, ƙafafunta kuma sun soma ƙin ɗaukarta. Haboba muke ce mata, kamar yadda ake kiran kowace kaka a nan.

Ni aka ba istimara, takardar tambayoyin da ake cika wa duk wanda aka kawo. Da ita ofishin tamin, masu biyan kuɗin jinya, ke yanke ko mutum yana bukatar mai kula da shi, ko kuwa yana iya yi wa kansa. An ce ai ni Bahaushiya ce kamar ita. Bahaushiyar me? Hausata ta gaisuwa ce a lokacin, da Larabci nake tunani. Na zauna gefen gadonta ina karanto tambayoyin da Larabcin takarda, ina sauri don in samu motar gida. Tana cin abinci da kanta? Ta ce na'am. Tana zuwa banɗaki ita kaɗai? Na'am. Har ƙasa na jera mata alamar i.

Sai bayan mako biyu, ina gidanmu, na ji an kira mahaifiyata daga waje ta amsa da na'am, ba ta ma san me ake so ba. Nan take na gane. Tsohuwar nan ba ta ji tambaya ko ɗaya ba. Amsa kira kawai take yi, irin ladabin da aka raine ta da shi, tana jiran in faɗi abin da ya kawo ni.

Washegari na sami mudira, shugabar gidan, na gaya mata. Ta rufe ƙofa tukuna. Ta ce takarda ta riga ta tafi, kuma in muka aika gyara yanzu lajna, kwamitin bincike, za ta zo ta buɗe fayil ɗin kowa, su riƙe kuɗin wata uku, to da me za a ciyar da sauran? A bari sai an sake auna tsofaffi bayan damina. Na ji haushi ƙwarai, amma wallahi tsoro ya fi haushin yawa, don sa hannuna ne a ƙasan takardar. Na koma bakin aikina.

Aka mayar da Haboba ɓangaren masu ƙarfi, can ƙarshen gida. A can babu mai jinya. Ana ajiye tiren abinci a bakin baranda, kowa ya fito ya ɗauki nasa. Nakan leƙa ta in na samu sarari, ba kullum ba. Wata rana na tarar da kisrarta, wainar dawar da ake ci a nan, ta bushe a kwano, ƙudaje sun rufe. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, mi na yi aka kawo ni nan?"

Na ce mata gyaran ɗaki ake yi.

Ranar da ta faɗi a hanyar banɗaki, tun hantsi take kwance a wurin sai bayan azahar aka gan ta. Ƙugunta ya karye. A ranar na cika takardar gyara, na kai ofishin tamin da ƙafata, ban tambayi kowa ba. Lajna ba ta zo ba, ba wanda ya buɗe fayil ɗin kowa.

Ta rasu a asibiti kafin a fara tsinkar auduga. Bayan sadakar arba'in amsa ta iso: an karɓi gyara, an biya gidan kuɗin mai kula da ita tun daga ranar da aka kawo ta. Mudira ta turo mini takardar shaidar cewa an yi mata wannan kulawar, ta ajiye alƙalami a kai. Na sa hannu.