Saniyar Inna

Shekarar da na gama jami'a na koma Gure, na tarar Baba ya bar fita ƙofar gida da safe. Tsohon direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, a tasha ya koyi shan kafe, wato gahawa, da madara, kuma da kofinsa a hannu yake karɓar gaisuwar maƙwabta. Bayan wata jinya cikinsa ya ƙi madara, ta gwangwani da ta shanu duka. Baƙin kafe kuwa ya ce magani ne, ba zai sha a gaban mutane ba. Sai ya zauna a ɗaki. Na ji tsoro, wataƙila fiye da kima, don na ga yana ramewa.

Inna ko warin kafe ba ta so, amma ita ta ɗauki aikin nemo masa madadin madara. Ta fara da madarar waken suya, tana shiga kofi ta tsinke. Ta koma aya, ta fito tsararo kamar ruwan wankin shinkafa. Ni ne mai ɗanɗano, kuma ina jin ban yi mata amfani ba.

"Yaya ka ji?"

"Ba laifi, Inna. Sai dai ko..."

"Kai ko ƙasa aka dama maka, ba laifi za ka ce. Ba ni kofin."

Ba ta taɓa kai shi baki ba. Ludayi take tsomawa ta ga ko zai kama bayansa, ta duba launi a hasken rana. Daga baya ta jiƙa ayar tare da gyaɗar da aka murje wa ɓawo, ta niƙa da ɗan dabino, ta rage ruwa, ta tace da ƙyalle. Idan ban manta ba, ita ta gano a bar kafen ya ɗan huce, a zuba shi kan madarar a hankali.

Na kai wa Baba kofin. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai ya ɗaga murya:

"Hajiya, wannan saniyar ta garin Kelle ce ko ta Alakos?"

"Ta tsakar gidanka ce, Malam. Ba ta cin dusa, zane take so."

Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya dube ni ya ce, "Tsayuwar me kake? Fitar min da tabarma waje."