Littafin Maƙwabciyata da Na Ara wa Alhaji

Edita, salamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina ɗalibin digiri na uku ne a nan Greensboro, bayan na yi shekaru ina koyar da tarihi a wata sakandare a Zariya. Ina haya a wani ɗan gida a unguwar Glenwood, ba mota, sai keke da bas. Abokaina suna kallon ƙwallo, ni ina laburare ina bin littattafan tarihin gari: masaƙun da aka rufe, gonakin taba, unguwannin da manyan tituna suka cinye. Abin ya kai in aka rage mini hanya ta Gate City Boulevard sai na gaya wa mai motar tsohon sunan titin. Ba wanda ya taɓa tambayata.

Maƙwabciyata wata dattijuwa ce baƙar fata 'yar asalin ƙasar nan, tsohuwar nas, ina ce mata Mama. Ganin kullum ina karatu a baranda, wata rana ta fito mini da wani littafi a naɗe cikin tawul. Tarihin cocin ƙauyensu ne a arewacin gari, 'yan cocin ne suka buga da kansu, bangon ma ya daɗe da rabuwa da shi. A tsakiya akwai taswirar maƙabarta. Mahaifiyarta, kafin ta rasu, ta bi taswirar da biro ta rubuta sunan wanda ke kwance a kowane kabarin da ba shi da alama, don a da dutsen gona kawai talakawansu ke kafawa. Ta ce in karanta, amma in dawo da shi kafin taron zuri'arsu na bazara, domin a ranar za su kafa allunan suna, kuma babu inda sunayen suke sai nan. Na karanta shi irin karatun malamin makaranta. Na gano kuskuren rubutu har shida, da wata shekara da ta saɓa wa ta babi na biyu. Hoton shafi ko ɗaya ban ɗauka ba, ni da na sha yi wa ɗalibai wa'azin adana madogara.

Ranar wata Juma'a Alhaji ya kawo ni gida daga masallaci. Shi ne dattijon da ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka, na yi mako biyu ina cin tuwon gidansa. Ya ga littafin a kan tebur, ya buɗe taswirar, ya ce wannan wuri kamar kusa da gidansa na Summerfield, can wajen gari, in ara masa ya nuna wa maƙwabcinsa. Na ce ba nawa ba ne. Ya ce ai shi ya sa ya ce aro. Yana faɗa littafin na hammatarsa. Na iya cewa a'a da harsuna uku, amma a gaban babba ko ɗaya bai zo mini ba.

Daga nan na shiga bin sawu irin namu. Sai in gaishe shi, in tambayi matarsa Hajiya, yara, aiki, sanyi, sai yana shirin tada mota in ambaci littafin kamar yanzu na tuna. Shi kuma ya ce in sha Allahu Juma'a mai zuwa. Wata biyu muna haka. Bas ba ya zuwa Summerfield, sai da na roƙi wani aboki ya kai ni. Bayan an ci an sha, Hajiya ta tuna cewa da za a yi wa falo fenti ta tattara tsofaffin takardu ta zuba a kwandon shara, har da wani mara bango da ta ɗauka na makarantar yara ne. Alhaji ya ba ni haƙuri, ya ce littattafai sun cika gari, kuma ai mu ma ba mu cika rubuta suna a kabari ba, Allah ya san bayinsa. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba kaburburanmu ba ne. Kuma bai ko nuna wa maƙwabcin ba.

Na samu wani kwafin a laburare, da bangonsa, gefen taswirar fari fat. Ban taɓa jin haushin tsabtar takarda irin na ranar ba.

Da na gaya wa Mama, ba ta ɗaga murya ba. Sai ta ce, “To ai ka karanta. Sunaye nawa ka riƙe?” Kurakuran nan shida ina iya jero su har yau. Sunaye kuwa biyu na kawo. Ita ta tuno tara. Alluna goma sha ɗaya aka kafa a taron, sauran kaburburan suna nan da duwatsunsu. Har yanzu tana amsa gaisuwata, amma tawul ɗin bai sake fitowa ba.

Ban ɗora wa Alhaji laifi ba, shi roƙo ya yi. Ni ne na yi kunya da kayan wani, na ɗauka ladabi ne. 'Yan'uwa masu son littattafan tarihin garuruwan nan, ku sani wasunsu ba su da na biyu, kuma abin da aka rubuta a gefe ya fi abin da aka buga. In an ba ku amana, ku ɗauki hoto tun ranar. In babba ya miƙo hannu, ku durƙusa har ƙasa, ku sunkuyar da kai, ku ce a'a.