Kasaru a Jirgin Ƙasa

Bayan Nasara sun kawo jirgin ƙasa Kano, fatakenmu na Dutse suka riƙa dawowa da tambayar da babu wanda ya taɓa yi mana. Tafiyar da a da ake kwana da kwanaki a kanta, yanzu ana yin ta a wuni. To, mutum ya yi kasaru, ko ya cika sallarsa? Kuma ina zai fuskanta, abin yana ta juyawa da shi?

Lokacin ina da ƙuruciya, ina karantarwa a zauren mahaifina a Limawa. Na bi wasu masu fata har Kano, na shiga jirgin da kaina zuwa Zariya, na ga yadda yake tsayawa da yadda yake tashi. Da na dawo na shafe damina ina bincike, na rubuta 'yar risala. Abin da na kai gare shi shi ne, nisan hanya ake dubawa, ba wahalarta ba.

A al'adarmu ba a ba masu kwafi rubutu sai manya sun duba. Liman ake kai wa, shi kuma ya aika wa malamai biyu ba tare da ya faɗi mai shi ba, don kada a duba fuska.

Na farko tsoho ne da idonsa ya yi rauni, sai da aka karanta masa. Ya kama ni a wuri biyu: na jingina magana ga littafin da ba a cikinsa take ba, kuma na gaggauta a batun alƙibla. Na ji zafi, amma da na koma na duba, gaskiyarsa ce. Na gyara.

Na biyu abokin mahaifina ne, tare suka yi karatu. Ya riƙe takardun har aka yi girbi, aka kai dawa rumbu. Sannan ya maido wa liman da cewa marubucin ɗanye ne, bai nuna ba, kada a kwafa. Bai nuna kuskure ko ɗaya ba. Liman ya ce tunda an rabu biyu, a dakata.

Da azumi ya zo na je majalisin abokin mahaifin nawa. Wani mai fataucin goro ya yi masa tambayar jirgi. Ina zaune a gefen tabarma na ji ya fara jero hujjojina ɗaya bayan ɗaya, yadda na tsara su. Har misalin da na kawo na tashar da jirgi ke tsayawa shan ruwa ya faɗa, shi da bai taɓa ganin layin dogo ba. Jama'a suna ta gyaɗa kai.

Da aka watse na tsaya.

"Allah ya gafarta malam, wannan bayanin na san shi."

Ya dube ni, bai ko yi mamaki ba. "Na gane hannunka tun shafin farko, ɗana. Irin na mahaifinka ne."

"To me ya sa aka ce kada a kwafa?"

"Wa zai karɓi hukuncin salla daga bakin yaro? Daga bakina an karɓa. Ilmi na Allah ne."

Na ce, "Amana aka ba ka ka duba, ba kyauta ba."

Ya ɗauki butarsa ya shige gida.

Na kai ƙara wurin liman. Ya ce in yi haƙuri, malamin sa'an ubana ne. Mahaifina kuwa ya hana ni sake tayar da maganar, ya sa na je na ba da haƙuri a kan ɗaga murya. Na durƙusa a zauren mutumin na ce na yi kuskure, ya sa mini albarka a gaban almajiransa. Wannan durƙuson ya fi satar ci mini rai.

Ba a taɓa kwafar risalar ba. Har yau fatake suna cewa fatawar malam ce. Ranar da ya rasu ina sahun gaba, na yi masa salla, na roƙa masa gafara da bakina. Da muka dawo daga maƙabarta aka kawo fura, na kasa sha.